Ƙera motar tsere a cikin gida: nawa take ci, wa ke riba, wa ke faɗuwa?

Babu unguwar da mutum zai ratsa a Maraɗi ko Damagaram ko Tawa bai ga yaro yana jan motar gwangwani ko ta waya ba, tayoyinta na tsohon silifa, sitiyarinta dogon kara. Akasarin yaran nan da sun girma sai su bari. Amma akwai ƴan kaɗan da abin ba ya sakinsu, kuma yanzu da salula ta shiga hannun kowa suna kallon samari a wasu ƙasashe suna tuƙa motocin tsere da suka ƙera da hannunsu. Daga kallo sai kwaɗayi, daga kwaɗayi sai a zo gaban Hajiya ranar da ta kwashi adashe, ko gaban Alhaji a shago, a ce a taimaka da kuɗin ƙarfe da na inji. Tun da aljihun ƴan kasuwa ne abin yake ƙarewa a kansa, ya kamata mu san yadda wannan harka take a ƙasar da ta fi daɗewa a cikinta, wato Ingila.

Dillalin mota da kasuwa ta juya wa baya

Abin da zai ba ɗan kasuwa sha'awa shi ne asalin labarin daga karayar jari ya faro. Colin Chapman, wanda aka haifa a 1928, yana ɗalibin aikin injiniya a Landan ya shiga saye da sayar da tsofaffin motoci. Bayan yaƙin duniya na biyu motoci sun yi wuya, ciniki yana tafiya. A ƙarshen 1947 sai gwamnatin Ingila ta soke rabon man fetur da take ba masu motocin kansu. Wa zai sayi motar da ba zai samu man zuba mata ba? Kasuwa ta faɗi warwas. Cikin abin da ya yi masa kwantai akwai wata ƴar ƙaramar mota, Austin 7 ƙirar 1930, wadda ba mai so.

Maimakon ya karyar da ita, sai ya tura ta wani ɗan garaji a bayan gidan iyayen budurwarsa, Hazel Williams, ya kwance ta gaba ɗaya. Ya ƙarfafa shasinta, ya yi mata sabon jiki na falankin katako da alminiyam, a 1948 ya shiga gasar hawan tudu cikin taɓo da ita. Wannan ita ce Lotus ta farko. Da ya zo kafa kamfani a farkon shekarun 1950, Hazel ce ta ranta masa fam 25. Iyayenmu mata su lura da wannan wuri: kamfanin da daga baya ya ci kambun masu ƙera mota na gasar Formula 1 har sau 7, da rancen mace ya tashi. Sun yi aure a 1954.

A 1957 ya fito da motar da har gobe masu ƙira a gida suke kwaikwayo, Lotus Seven. In ka gan ta za ka ce ba a gama ta ba. Kujera biyu, babu ƙofa, babu rufi sai tanti, tayoyin gaba a waje, mutum yana zaune kusan a ƙasa. Nauyinta bai wuce kilo 500 ba, wato buhu goma na shinkafa mai kilo 50. Injinta kuwa na ƙaramar Ford ne, irin wanda ake kai yara makaranta da shi.

To ina gudun yake fitowa? Duk mai amalanke ya san amsa. Jaki ɗaya ne, amma tafiyarsa da buhu biyu ba ɗaya ba ce da tafiyarsa da buhu takwas. A ce inji yana da ƙarfin doki 70. In yana cikin mota mai kilo 1,100, kowane doki yana jan kusan kilo 16. A ɗauke shi a sa a mota mai kilo 550, kowane doki kilo 8 zai ja. Ba a ƙara wa injin komai ba, kaya aka rage masa. Kuma rashin nauyi ba wajen tashi kaɗai yake amfani ba, har wajen taka birki da shan kwana. Ra'ayin Chapman ke nan duk rayuwarsa, har ya rasu a 1982.

Akwai kuma dabarar kasuwa. A wancan zamani Ingila tana ɗora haraji mai nauyi a kan sabuwar mota, amma in an sayar da ita a kwance, gunduwa-gunduwa, mai saye ya haɗa da kansa, harajin ba ya hawa. Sai Chapman ya riƙa sayar da Seven a haka. Masu wannan harka suna ba da labarin cewa tun da doka ta hana a haɗa kayan da takardar koyar da haɗawa, sai kamfanin ya buga takardar koyar da kwancewa, mai saye ya karanta daga ƙarshe zuwa farko. Da an kawo wannan mutum kasuwar Maraɗi da ba a yi masa tafinta ba. A 1973 Ingila ta sauya tsarin harajinta, wannan ƙofa ta rufe, Lotus ta sayar da haƙƙin ƙera motar ga dillalinta, Caterham, wanda har yanzu yake yin ta, kuma har yanzu mutum yana iya sayenta a kwance.

Littafin fam 250

Caterham ba motar talaka ba ce. Wanda ya sauko da abin ƙasa-ƙasa wani malamin koyar da aikin mota ne a wata makaranta a Ingila, Ron Champion. A 1996 kamfanin buga littattafai na Haynes ya fitar da littafinsa, wanda ya yi alkawarin mutum zai iya ƙera motar tsere irin Seven da kuɗin da ba su wuce fam 250 ba. A canjin wancan lokaci wajen jika 200 ke nan na sefa. Aka laƙaba wa motar suna Locost, ma'ana mai araha. Littafin ya yaɗu har Amurka da Ostareliya da Afirka ta Kudu, kuma a Ingila wata ƙungiyar masu tsere, 750 Motor Club, ta ware wa irin waɗannan motoci gasa tasu.

Tsarin Champion kashi biyu ne. Abin da mutum ba zai iya yi a gida ba, ya cire daga tsohuwar mota: inji, akwatin giya, farfela, aksil na baya, sitiyari, birki, wayoyin wuta. Shi Ford Escort ta ƙarshen shekarun 1970 ya zaɓa, domin a lokacin ta cika bola, kuma tayoyin baya ne ke tura ta. Abin da ya rage, wato shasi da jiki, mutum ya yi da hannunsa.

Shasin shi ne zuciyar aikin, kuma a nan muke so mu daɗe. Ba wasu manyan ƙarafa biyu ake shimfiɗawa ba kamar na babbar mota. Keji ake yi da siririn bututun ƙarfe mai kusurwa huɗu, faɗinsa milimita 25, kaurin bangonsa milimita 1.6. In ka riƙe guda ɗaya za ka raina shi. Ƙarfinsa yana zuwa ne daga yadda aka haɗa. A ɗauki kara huɗu a ɗaure su kusurwa huɗu, da an tura gefe ɗaya sai su karkace. A ɗaure uku su yi kusurwa uku, ba sa motsi sai dai su karye. Saboda haka kowane fili mai kusurwa huɗu a jikin kejin ana gitta masa wani bututu ya raba shi biyu. Mai kafa rumfar kasuwa da ke sa tokara a karkace don kada iska ta kwantar da ita, ilimin nan yake aiki da shi ko da bai taɓa shiga aji ba.

Kafin a yanka ƙarfe ko ɗaya, ana neman falanki mai faɗi wanda ya miƙe sarai, a zana ƙasan motar a kansa, a kafe bututun da ƴan katakai don kada su gusa. Sannan ba a yin walda gaba ɗaya. Ɗiso ake yi, nan kaɗan can kaɗan, har kejin ya tashi, a auna daga wannan kusurwa zuwa waccan, a sake aunawa ta ɗaya gefen, sai awon biyu sun zo daidai. Dalili kuwa, wuta tana jan ƙarfe. In mai walda ya zauna a gefe ɗaya ya cika shi, kafin ya huce kejin ya murɗe, kuma motar da shasinta ya murɗe har abada za ta riƙa ja gefe guda, taya ɗaya yana cinyewa kafin sauran. Shi ya sa ko wajen cikawa ake tsallake-tsallake, dama, hagu, gaba, baya. Kejin da aka gama, mutum biyu suna ɗaga shi ba wahala.

Daga nan sai hannuwan da ke riƙe tayoyin gaba. Su ne wurin da rai yake rataye. In waldar jikin mota ta saki, kunya ce. In ta waɗannan hannuwa ta saki ana gudun kilomita 100, sai dai a yi wa iyali ta'aziyya. Da yawa daga masu ƙira a Ingila, duk da sun yi komai da kansu, waɗannan sukan saye su daga ƙwararru. Bayan su sai ɗora inji, jan bututun birki, tankin mai, wayoyi. Jiki shi ne na ƙarshe kuma shi ne mafi sauƙi: fallayen alminiyam da ake kamawa da ribit, sai hanci da marufan taya na faiba.

Lissafin da littafi bai cika ba

Yanzu bari mu zo ga abin da ƴan kasuwa suka fi mu sani. Fam 250 kuɗin kaya ne ga mutumin da ya riga yana da injin walda, da na yankan ƙarfe, da na huji, da wurin aiki, da wuta, kuma ya iya tsince-tsince a bola, ya sayar da ragowar tsohuwar motar ya mayar da wani abu. Ba a sa ladan hannunsa ba. Mai tuyar ƙosai da za ta lissafa wake kaɗai ta manta da mai da itace da niƙa, kowa ya san inda jarinta zai kwana. Akasarin waɗanda suka gama Locost sun kashe ninkin-ba-ninkin wannan kuɗi, dubban fam, kuma aikin da aka ɗauka na ƴan watanni ne yakan ci shekaru, domin da dare da ranakun hutu ake yinsa. Ita kanta Escort ɗin da ake samu kusan kyauta ta zama kayan marmari, masu tara tsofaffin motoci suna rububinta. Shi ya sa a 2007 Haynes ya fitar da wani littafin da ya koma kan Ford Sierra, wasu kuma suka koma Mazda MX-5.

Akwai kasuwa guda a can ta motocin da aka fara ba a gama ba. Mutum ya yi shekara biyu, aure ya zo ko haihuwa ko sauyin gida, sai ya sa keji da tarkacen a kasuwa, ya karɓi abin da bai kai kuɗin da ya zuba ba. Ko wadda aka gama ma, da wuya ta mayar da uwar kuɗi in an sa wahalar mai ita a lissafi. A ganinmu duk wanda ya ce wa mahaifiyarsa zai ƙera irin wannan mota ya sayar ya ci riba, ko dai bai yi lissafi ba ko kuma ba ya so ta yi.

Wani Ba'amurke a jihar Wisconsin ya kai abin maƙura. Ya ga Lamborghini Countach a wani fim, ta shiga ransa, a 1990 ya fara ƙera irinta a ɗakin ƙarƙashin ƙasa na gidansa. Ya sassaƙa siffarta da katako, ya riƙa lanƙwasa alminiyam a kai falle-falle, ya sa mata babban injin Ford. Shekara 17 yana abu ɗaya. Da ya gama sai ga wata matsala: ɗakin ba shi da ƙofar da mota za ta fita. A 2008 sai da aka kawo katafila ta haƙa rami a gefen gidan, aka fasa bangon tushe, sannan aka jawo ta waje.

Ba a hawa titi sai an ci jarrabawa

Wani abin da masu kallon bidiyo ba sa gani shi ne ranar gwaji. A Ingila ba a hana kowa ƙera mota a gidansa ba, amma ba za ta samu lamba ba sai hukuma ta duba ta ciki da waje. An kafa wannan tsari a 1998 da sunan SVA, a 2009 aka maye gurbinsa da IVA. Ana ɗora motar a kan na'ura a auna birkin kowace taya, a tabbatar na baya ba ya kamawa kafin na gaba, domin in ya riga shi motar juyawa take yi. Ana duba inda aka ɗaure ɗamarar kujera, da fitilu, da hayaƙi, da ƙarar salansa, da agogon gudu ko gaskiya yake faɗi. Har wata ƙwallo gare su mai faɗin santimita 10 da suke gogawa a jikin motar. Duk bakin ƙarfen da ta taɓa, dole ya zama an dasashe kaifinsa, saboda mai tafiya a ƙasa da za a iya bugewa. Kan noti guda da ya fito tsirara yana iya kayar da mutum, ya koma gida ya gyara ya sake biya. Kuɗin wannan gwaji kaɗai ya fi fam 250 ɗin da littafin ya ambata.

Mutum zai ce takura ce. Mu dai muna ganin wannan jarrabawa ita ce ta sa harkar ta zauna da gindinta a can, domin kamfanin inshora yana karɓar motar, mai saye na biyu kuma ya san idon da ba na mai ita ba ya duba ta.

To mu nan fa?

Hannu dai akwai shi. Wanda ya shiga kasuwar Katako a Yamai ya ga yadda ake narka gwangwani a zuba tukunya, a mayar da tsohuwar ganga akwati ko murhu, ba zai ce ba mu da maƙera ba. Haka Panteka a Kaduna, haka Suame a Kumasi inda ƴan uwanmu fatake suke zuwa neman kayan mota. A 2020 wani saurayi ɗan makaranta a Akara ya ja hankalin duniya da motar da ya haɗa daga tarkacen ƙarfe da injin babur, ƙofofinta suna buɗewa sama. A Najeriya kuma, a 2019, Jerry Mallo na Jos ya nuna motar tsere mai suna Bennie Purrie a Abuja.

Sai dai in aka dubi yawancin abin da samarinmu suke yi, daga inda Bature ya ƙare suke farawa. Jiki ake fara yi, a ƙawata shi ya yi kama da Lamborghini, a sa fitilu masu walƙiya, sannan a nemi abin da zai riƙe shi daga ciki, sau da yawa rodin gini ko bututun ruwa. Rodi an yi shi ne ya kwanta cikin siminti, ga nauyi, ga shi ba ya hana keji murɗewa. Ita kuma waldar sanda da aka saba da ita a bakin titi, wadda ke yin ƙofa da taga lafiya lau, a kan bututu mai kaurin milimita 1.6 huda shi take yi in hannun bai ƙware ba. Sai a cike ramin, a goge, a shafa fenti, ido ba ya gani. Hanya ce za ta gani.

Sai batun motar da za a ciri kaya. Tsarin Seven yana son inji a gaba, turi a baya. Ƙananan Toyota da suka cika garuruwanmu, Starlet da Corolla na bayan tsakiyar shekarun 1980, tayoyin gaba ne ke jansu, injinsu a gicciye yake, ba sa shiga wannan tsari sai an sake zane. Masu turi a baya da aka sani a nan su ne irin Peugeot 504, wadda aka daɗe ana haɗawa a Kaduna, da Mercedes 190, da Hilux, kuma kayansu sun fi na Escort nauyi, ga shi masu jigila ba su gama da su ba balle su yi araha. Ko an samu an haɗa, tsakanin cikin irin wannan mota da ƙasa bai kai taƙi ɗaya ba. A kan kwalta mai kyau sarauniya ce. A cikin rairayin unguwa, ko a kan tudun rage gudu, ko bayan ruwan Agusta, sai an kira yara su tura. Ba rufi, ba gilashin gefe, ga ranar watan Afrilu, ga ƙurar hunturu.

Wannan ba yana nufin in yaro ya zo da maganar a kore shi ba. Wanda ya iya auna keji ya fito daidai, ya iya waldar siririn ƙarfe ba tare da ya huda ba, ya san dalilin da birkin gaba yake riga na baya, ya mallaki sana'ar da ake biya. Shi kansa Mallo na Jos, kamfaninsa injinan noma da na sarrafa amfanin gona yake ƙerawa. Motar ta jawo masa suna ne. Ilimin da ke tsayar da shasin motar tsere shi ne ke fitar da amalanke marar nauyi da jaki zai ja bai galabaita ba, da bodin babur mai ƙafa uku da ba ya tsagewa a hanyar kasuwar ƙauye, kuma waɗannan suna da masu saye tun yau. In Hajiya za ta sa kuɗi, gara ta sa a injin walda mai kyau da tabarau na kare ido da kuɗin koyo wurin ƙwararre, kayan da ko motar ba ta tashi ba suna nan suna kawo na cefane. Kuɗin fenti da fitila su jira.

Tambayoyin da za a yi masa kuwa ba sai an yi karatun injiniya ba. Ina zanen, da awo a rubuce? Birkin daga wace mota za a ciro, kuma wa zai gwada shi kafin mutum ya zauna a ciki? Tankin mai ina zai zauna, me ya raba shi da bayan direba da kuma salansa? A wane fili za a fara tuƙa ta, nesa da yara da masu talla? Sai ta ƙarshe, wadda aka fi mantawa. Motar da aka shigo da ita daga waje tana da lambar shasi daga masana'anta da takardar duwan, a kansu ake yin kart giriz, a kan kart giriz ake yin inshora da bizit. Wadda aka haifa a zaure ba ta da ko ɗaya. Kafin a sayi bututu na farko, a je ofishin ma'aikatar sufuri na jiha da zanen a hannu, a tambayi ta wace hanya irin wannan mota za ta samu takarda, a kuma nemi amsar a rubuce. In ba haka ba, ranar da ta buge rumfar wani ko ta taka ƙafar ɗan wani, ba kamfanin inshorar da zai biya ko dala, daga shagon Alhaji ko jarin Hajiya za a fitar da diyya.